Kofunan Iya

Tela tana cikin kafa hannun wata riga sai ta ji wani abu ya faɗi ya tarwatse a ɗakin da ke kallon nata. Ta ɗauke ƙafa daga kan keke ta kasa kunne. Shiru. Shirun nan ne ya tashe ta, domin Iya ba ta yar da ko cokali ba tare da ta bi shi da faɗa ba.

Ta tsallaka baranda da tef ɗin awo rataye a wuya, ta tura ƙofa. Tsohuwar tana zaune a kujerarta ta bakin taga, shayi ya jiƙe mata zani, hannunta na dama yana ta rawa a kan gwiwa kamar ba a jikinta yake ba. A ƙasa ga kofin tangaran ya yi kaca-kaca, mariƙinsa ya gangara can ƙarƙashin gado.

"Iya, kin ƙone?"

"Ina fa. Ya huce tun ɗazu ina lallaɓa shi zuwa baki." Ta harari hannun. "Kin ga wannan? Shekara da shekaru muna tare, yau ya ce ya gaji da bauta."

Tela ta durƙusa tana tsince gutsattsarin.

"Bi da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tana barin ƙanana," in ji Iya. Can ta ƙara da cewa, "Kada Auta ta ji."

A duk gidan hayar nan mai hawa biyu, Iya kaɗai ta rage mai shan shayi a zaune. Kowa filas ne da kofin roba, a kurɓa a tsaye ana neman takalmin yara. Ita kuwa da rana ta yi sanyi sai ta buɗe kabad ɗinta mai ƙofar gilashi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ta jera buta da gidan sukari da na madara, sannan kofi a kan ɗan farantinsa. Farare ne masu shuɗin fure, marasa kauri, in ka ɗaga ɗaya a haske kana iya ganin inuwar yatsunka. Ruwan zinaren da ke bakinsu ya goge daidai inda leɓe ke sauka. Tela takan tuna cewa mahaifiyarta ma tana da irinsu a kabad, ba mai taɓawa, kuma yau ko za a yanka ta ba ta san inda suka shiga ba.

Ba wanda ya gaya wa Auta, idonta ne ya gaya mata. Ita ce 'yar Iya da ta rage a garin, tana aiki a wani ofis can ɗaya gefen, takan zo duk ƙarshen mako da ledoji a hannu da waya a kunne. Tana shigowa ta ga faranti ɗaya zaune ba kofi. Mako na zagayowa ta dawo da sabon filas da wani kofin roba mai murfi da hannu biyu. Ta kulle kabad, ta ƙwanƙwasa wa Tela ƙofa.

"Don Allah 'yar'uwa, ki riƙe mini makullin nan. In na bar mata shi, ɗaya bayan ɗaya za ta ƙarasa su, wata rana ma ta yanke. Abin da ya rage mana na Baba ke nan."

Tela ta so ta ce a kai kasuwa, amma ta dubi idon matar, ta ga gajiya da tsoro kwance a ciki. Ta karɓa, ta jefa a gwangwanin maɓallai.

Iya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damun Tela ke nan. Da yamma Tela ta haɗa mata shayi a filas, ta zuba a sabon kofin ta miƙa. Tsohuwar ta juya shi hagu da dama.

"Jaririn wa aka kawo mana?"

"Naki ne, Iya. Ba ya fashewa."

"Na gani. Ajiye shi can."

Da safe Tela ta tarar da shi yadda ta bar shi, madara ta yi yana a sama. Haka washegari, haka kashegarinsa. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Nas ɗin da ke zaune a hawan ƙasa ta hau ta duba ta, ta fito ta ja Tela gefe ta ce zuciyar ta raunana ƙwarai, kuma tsohuwar ba ta shan ruwa yadda ya kamata, a san dabarar da za a yi.

Ranar Tela ta kwaso ɗinkinta na hannu ta zo ta zauna a bakin gadon Iya.

"Iya, shayi ai shayi ne, ko a me aka zuba shi."

"Haka na ce da shi ni ma."

"Da wa?"

"Da maigidan mana." Ta gyara kwanciya. "Shi ya sayo su, shekarar da aka ƙara masa girma a wurin aiki. Ya shigo da kwali a ka, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A lokacin duk gidan da ya amsa sunan gida yana da su. Ya ce in dafa mu sha. Na ce a'a, waɗannan na manyan baƙi ne. Na jera su na kulle. Shi kuwa na ci gaba da ba shi a wani kofin ƙarfe mai ƙona baki."

"Manyan baƙin sun zo?"

"Sun zo ranar da ya rasu." Ta yi 'yar dariya marar sauti. "Su ma ban ba su a ciki ba, sun yi yawa. Da kowa ya watse na buɗe kabad na dafa, na zauna ni kaɗai na sha. Tun daga ranar ban sake sha a wani abu ba. Yanzu kuma ga shi an kulle mini, yadda na kulle masa."

Tela ta soka allura a ƙyalle. An ba ta amana, kuma ba ta taɓa zama mai cin amana ba. Amma ga leɓen Iya ya bushe har ya tsage. Ta tashi ta tsallaka ɗakinta, ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur.

Ita ta dafa, Iya tana ba da umarni daga gado: a fara ɗauraye buta da ruwan zafi, a zuba ganye, a rufe a ba shi lokaci, ba gudu ake ba. Tela ta tallafi kofin ta ƙasa, Iya ta riƙe mariƙin da yatsu biyu. Ta shanye, ta nemi ƙari.

"Gobe ki kira mini mai shagon ƙasa," in ji ta.

Mai shago ya hau yana goge hannu a riga, a zatonsa wani kaya za a ɗaga. Aka nuna masa kujera. Ƙato ne, yatsansa ya ƙi shiga mariƙin kofin, sai ya rungume shi da tafin hannu biyu yana zufa.

"Iya, in na fasa fa?"

"In ka fasa ka fasa naka. Da ka gama ka tafi da shi, har farantin."

Tela ta zaro ido. Da mutumin ya sauka, yana taka matakala a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ta ce, "Iya, so kike Auta ta cinye ni ɗanya?"

"Nata ne ko nawa? Na san 'yata. A jarida za ta naɗe su, ta sa a kwali, ta ɗora a kan sif. 'Ya'yanta su gaji kwali, su ma su ɗora. Gara su shiga hannun masu baki."

Haka aka yi ta yi. Kowace yamma baƙo ɗaya, kowane baƙo ya sauka da kofinsa: nas, da matar da ke share matakala, da mai gugan tsallaken titi. Iya takan tambayi kowa labarin gida, ta yi masa tsiya, ta sa shi dariya. Ita kanta kurɓa biyu take yi ta gaji, amma idonta ya dawo. Tela kuwa kullum takan kwana tana shirya abin da za ta faɗa wa Auta ranar Asabar.

Ba a kai Asabar ba. Ranar Laraba Auta ta biyo ta kawo magani, ta tsaya a shago sayen sabulu, sai ga kofin uwarta a kan kanta kusa da sikeli, da sauran shayi a ciki. Tela ta ji takunta tun daga matakala, ta fito ta tare ta a baranda.

"Makullin da na ba ki fa?"

"Na buɗe, Anti. Ba ta ci, ba ta sha. Laifina ne, ban kira ki ba."

"Kin buɗe ta sha, na ji. Rabon fa? Har da mai shago?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kin san ni da aka haifa a gaban kabad ɗin nan ban taɓa sha a cikinsu ba? Ko gilashin na dafa sai an buge mini hannu. Da na girma kuma, kullum na zo a tsaye nake. Ina cewa wata rana za su zama nawa. Yau na gan su kusa da sikelin gishiri."

Daga ciki muryar Iya ta fito, siririya.

"Auta. Shigo ki rufe mini ƙofa, iska na shiga. Tela, ɗora ruwa."

Auta ta shiga ta tsaya, jaka a kafaɗa.

"Zauna."

"Mama, daga ofis na fito, ana jirana."

"Su jira. Ni ma na jira."

Ta zauna a gefen kujera kamar baƙuwa. Kofi biyu suka rage a kabad. Tela ta jera su a tire ta kawo, ta juya za ta fita, Iya ta ce ta tsaya. Tsohuwar ta kai hannu ga buta, hannun ya ƙi. Auta ta dube shi yana rawa, ta sauke jakarta ƙasa, ta ɗauki butar ta zuba. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka har ta gaji.

Auta ta kurɓa.

"Sukari ya yi yawa," in ji ta.

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Bakin ubanki sak." Da tarin ya lafa ta miƙa hannu ta dafa bayan hannun 'yarta, ta bar shi a nan. "Nan nake bugu, ko?"

"Nan ne."

"Wauta ce. Ɗauki wanda kika sha, da butar. Amma in kwali za ki sa su, gaya mini tun yanzu in ba mai shago, ya haɗa da nasa."

Auta ta yi dariya, ta kau da kai wajen taga tana share ido da gefen mayafi.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki ta dawo ɗakin da zama. Iya ba ta ƙara tashi daga gado ba. A kwanakin ƙarshe ko kurɓa ba ta iya yi, amma da yamma sai an dafa, a sa mata kofin tsakanin tafukanta ta ji ɗuminsa, Auta na tallafe da shi. Kofin da ya rage Iya ta ce na Tela ne, sai dai aro take yi tukuna.

Wata yamma Tela tana ɗinki, ƙofarta a buɗe kamar yadda ta saba barinta a kwanakin, ta ji an kira ta sau ɗaya, a hankali. Ta shiga ta tarar Auta na zare kofin daga hannun uwarta, yatsa bayan yatsa. Shayin bai ko huce ba.

"Ta tafi," in ji Auta.

"Allah ya jiƙanta," in ji Tela, ta karɓi kofin ta ajiye, ta ja mayafi ta rufe wa Iya ƙafafu.

Mutane sun zo da yawa, har baranda da matakala suka cika. Aka yi ta kawo manyan filas daga maƙwabta, ana zubawa a kofunan roba na sha-ka-yar, wata yarinya tana bi da buhu tana tarawa. Ba wanda ya ga aibun haka, Tela ma ba ta gani ba. Mutane sun yi yawa.

Bayan an watse da 'yan kwanaki mota ta zo kwasar kaya. Maza biyu suka kama kabad ɗin suna shirin nishi, sai suka ji shi sakayau, suka sauka da shi suna hira. Auta ta rungumi Tela a bakin ƙofa, ta ce ta riƙa leƙo ta, sannan ta shiga gaban mota da buta a cinya, ta dafe murfin da yatsa saboda gargada.

Tela ta tsaya a baranda har motar ta sha kwana. A tsallaken titi mai guga ya zare dutsensa daga wuta, ya kife bokiti a bakin rumfa ya zauna. Ya ɗora ɗan faranti a kan gwiwa, ya daidaita kofin da Iya ta ba shi a kai da hannu biyu. Wani ya zo da kaya a leda ya tsaya a kansa, ya nuna masa benci da haɓa. Mutumin ya zauna yana jira, tururin shayi yana tashi a tsakaninsu.