Kunun Malam Nata'ala

Wata bakwai ban bari gishiri ya taɓa harshen mijina ba. Tun ranar da likita ya ce ƙodar Malam Nata'ala ta gaji, gishiri kuma shi zai ƙarasa shi, na kwashe na gidan kaf na ba maƙwabta. Duk unguwarmu ta Birketiri an san ni da wannan. Ko amininsa Mohaman Bello mai tsire, da ya shigo da ƙunshi a ɓoye cikin riga, sai da na raka shi da muciya har bakin titi.

To, ina amfanin baɗi ba rai? Ran Talata da hantsi na ji keken ɗinkinsa ya tsaya. Na tarar da shi dafe da bango, yana jan numfashi kamar wanda aka danne a ruwa, ƙafafu sun kumbura suntum. Kwanciya ma ta gagara. Na juye sauran kununsa a langa, muka sa shi a taksi a zaune, ina roƙon Allah kada ya bar ni da 'ya'ya huɗu a garin da ba ni da kowa.

A lopital, wato asibiti, aka ɗaura masa abin awon jini. Likita ya yi ta Faransanci, wani ma'aikaci mai suna Sali, mutumin Garwa, yana mayar mini da Hausa.

"Inna, tansiyonsa vingt-quatre, wato awon jininsa ashirin da huɗu. Jini ya hau sosai, ruwa ya taru a huhu. Ya bar shan magani ne?"

"Ni nake ba shi da hannuna."

"Gishiri fa?"

Nan raina ya ɓaci. Ni za a yi wa wannan tambaya? Na ce ko ƙwaya ɗaya. Na lissafa masa duk abin da Malam yake ci, har da kunun kanwa safe da yamma. Mahaifiyata Goggo ta koya mini cewa kanwa tana wanke ciki, tana sacce kumburi, shi ya sa nake ƙara masa, har a miya, don abincin lami ya shiga.

Sali ya faɗa wa likita. Likita ya ajiye biro, ya dube ni.

"Inna," in ji Sali a hankali, "ga mai ciwon ƙoda, kanwa da gishiri duk ɗaya ne. Ita take riƙe masa ruwa a jiki."

Wata bakwai ina korar mutane, ashe ni ce. Na kama rigar Sali, na ce zai tashi? Ya ce an yi allura, in fitsari ya zo kafin la'asar akwai fata.

Na zauna a bakin gadon. Azahar ta wuce, kwalbar da aka ajiye masa ba ko ɗigo. Malam ya buɗe ido da ƙyar, ya laluɓo hannuna.

"Tasalla... kin zo da kunun? Shi kaɗai nake iya sha."

Na ce masa ya zube a taksi. Langar tana ƙarƙashin mayafina, har lokacin da sauran ɗuminta.