Mutumin da ke Ƙetaren Gada

Talabijin ɗin nawa ne. Bari in fara da wannan, don har yau in Gershon na ba da labarin sai ya tsallake wurin. Shagon ma nawa ne, na ɗinki, a bayan tashar jirgin Kafanchan. Abin da ƙanen nan nawa ya mallaka a ciki injin gem ne da hannun bugawa guda ɗaya, mai igiya da maɓallai, sai surutu.

Ɗaya hannun na Sajo ne, abokinsa tun firamare, ɗan rugar Fulanin da ke hanyar Kagoro. Kullum da yamma sai ya naɗe igiyar ya tura abinsa a aljihu ya tafi gida da shi. Wai yatsunsa ba su san hannun wani ba. In layinsa ya zo, sai a cire na Gershon a jona nasa, kamar masu karɓar gadi.

Cikin kaset ɗinsu akwai guda da ya cinye musu rai. Ba wanda ya san sunansa, don rubutun Japan ne. In aka kunna, wani jan kifi ke fara fitowa, alamar kamfanin ke nan, shi ya sa duk unguwa ake ce wa masu kamfanin 'Yan Jan Kifi. Wasan kuwa wani mutum ne mai jar fitila yana ratsa daji da kogo da kogi. Gershon ya iya kogo, amma da ya shiga ruwa sai ya nutse. Sajo kuma ruwa ba ya ba shi tsoro, duhun kogo ne ke kashe shi. Da karɓa-karɓa suka kai ƙarshe, kuma ban da su biyu ban ji wanda ya taɓa kaiwa ba.

A ƙarshen, mai jar fitila ya iso bakin wata gada. A can ƙetare ga wani mutum tsaye da shuɗiyar fitila. Ya ɗaga hannu. Allo ya yi baƙi, kifi ya dawo. Shi ke nan fa, amma wannan ɗaga hannun ya hana ni sakat shekara guda.

"Gaisuwa ne!" in ji Gershon. "Kashi na biyu na nan tafe. Fat tu ɗin mutum biyu za su buga tare. Ɗaya ja, ɗaya bulu. Na san tunanin mutanen nan."

Mutumin da bai taɓa wuce Jos ba, wai ya san tunanin mutanen Japan.

Sajo sai ya girgiza kai. "Kai ba ka yi kiwo ba. Hannun gaisuwa daban, hannun tsaya nan daban. Wancan tare hanya ya yi."

Samarin da ke cika min ƙofa kowa da nasa. Wani ya ce mace ce. Wani ya rantse yayansa na Kaduna ya ji kamfanin ya koma yin wasan tseren mota. Ni ina taka keke ina cewa su fita su yi gardamarsu a kan layin dogo, ko jirgi ya raba musu.

Shekarar kuwa ba ta zaman lafiya ba ce. Tun abin da ya faru a Zangon Kataf bara, garin ya zama kamar mai jiran bugun ƙofa. Tayar mota in ta fashe, sai ka ga kasuwa ta watse, mata na gudu da tire a ka ba su san abin da ya kore su ba. Ni kaina allura ta sha huda min yatsa don wani ya rufe ƙyaure da ƙarfi. A cikin haka Baffa Mahadi, mahaifin Sajo, ya ce ya gaji da kwana da ido ɗaya. Ya kaɗa shanunsa da iyalinsa suka nufi Mambila.

Sajo bai bi su ba. Ya ce wa tsohon zai biyo baya, akwai abin da yake jira. A shagona ya faɗi abin, yana kallon ƙasa.

"In na ga ko wane ne a ƙetaren gadar nan, sai in tafi."

Kawu Rufus, ƙanen mamanmu, ma'aikacin jirgi ne, yana bin layin Fatakwal. Shi ya yi alkawarin duba musu kaset ɗin fat tu a kasuwar Aba. Daga nan Gershon ya zama ɗan tasha. Da ya ji ƙugin jirgi sai ya zura silifas ya fita da gudu, ko da na kaya ne. Ya dawo hannu rabbana, ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya sake zama.

Kwatsam sai ya daina zuwa tashar. Jirgi ya yi ƙugi, Gershon ko gezau. Amma bakinsa ya ninka. Yau ya ce 'Yan Jan Kifi sun jinkirta ne don suna zana teku. Gobe ya ce ai sun yi faɗa da mai yi musu kiɗa. Jibi kuma wai mai shuɗiyar fitila zai zo da kare. Sajo na musa masa ɗaya bayan ɗaya, har jijiyar wuya na tashi. Na san ƙanena tun yana zanen goyo. In ya cika surutu haka, akwai abin da yake zaune a kai.

Ranar wata Asabar na tura hannu cikin buhun acca zan ɗebo na kunu, sai na taɓo leda. Na jawo. Kaset ne sabo fil, ga jan kifi, ga gada, ga fitila biyu.

Na same shi a bayan gida yana wanke ƙafa. Na ɗaga masa ledar.

"Tun yaushe?"

Bai ko yi ƙoƙarin ƙarya ba. "Sista Mildred, don Allah mayar da shi."

"Yaron mutane yana kwana a shagon mai shayi, iyayensa na can bayan duwatsu suna jiransa, kai kana nan kana ƙirƙiro masa kare?"

"In ya gani zai tafi," ya ce. "Kuma wanda ya tafi Mambila ba ya dawowa. Kin sani."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in kwaɗa masa ledar a ka. Amma tausayinsa ya fi ƙarfina, don ban taɓa ganin idonsa haka ba tun rasuwar babanmu. Na koma na tura kaset ɗin inda na same shi. Kunun ranar ma ban dama ba.

Daga nan ni ma zama ya gagare ni. Duk sanda Sajo ya shigo ya gaishe ni da sunan da Fulani ke kiran yaya mace, ya ce, "Adda, sannu da aiki," sai in duƙufa kan keke kamar ɗinkin amarya nake. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Masu tallar nono suna kawo masa saƙon tsohon, yau a ce shanu sun yi wa ƙannensa yawa, gobe a ce innarsa ba ta jin daɗi. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya juyo wurin Gershon su ɗora daga inda suka tsaya, ko gadar ta katako ce ko ta ƙarfe.

Wata Talata da hantsi ya shigo da jaka a kafaɗa da sanda a hannu. Bai zauna ba.

"Adda, sannu da aiki." Ya juya wurin Gershon. "Gasho, je ka ciro shi. Motar Jalingo na lodi."

Gershon ya buɗe baki. "Ciro me?"

"Ranar da Kawu Rufus ya sauka na haɗu da shi a bakin tasha. Ya tambaye ni yaya muka ga sabon."

Na cire ƙafa daga kan keke. Wato duk gardamar teku da kare da mai kiɗa, yana sane.

"To me ya sa ba ka yi magana ba?" in ji Gershon.

"Ni ma ban shirya ba."

Aka kawo kaset. Gershon ya hura shi, 'ya'yan acca suka zubo a cinyarsa. Kafin a jona waya labari ya zaga, ƙofata ta toshe da kawuna. Sajo ya warware igiyar hannunsa. Wannan karon ba a cire na Gershon ba, aka jona duka biyun.

Kifi ya fito. Ga gada. Mai ja ya tako daga hagu, mai shuɗi ya tako daga dama, har suka haɗu a tsakiya.

"Ban faɗa ba!" Gershon ya yi tsalle. "Mutum biyu! Ban faɗa ba?"

Sai mutanen nan suka ajiye fitilunsu a ƙasa, suka dunƙule hannu suna fuskantar juna. A saman allo layi biyu suka bayyana, na ran kowa, da agogo a tsakiya yana ƙirgawa baya. Babu daji, babu kogo, babu kogi. 'Yan Jan Kifi sun bi yayi, sun mai da abin dambe.

Sajo ne ya ci gardamar shekara guda, amma idonsa na kan allo.

"Buga mana!" samari suka ɗauka. "Gasho, ba shi a baki! Sajo, share masa ƙafa!"

Na dubi yatsunsu. Gershon ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli bai danna ba. Sajo ma haka. Mutanen biyu na tsaye a kan gada suna ɗan rausaya kamar masu jin sanyi. Ihun ya yi ta raguwa har ya mutu, ba ka jin komai sai ɗan kiɗan injin. Agogo ya gangara har ya ƙare. Wani rubutu ya fito wanda ba mai iya karantawa, kowa da ransa cikakke.

Sajo ya miƙe ya saɓa jaka. Ya durƙusa ya yi min sallama, na sa masa albarka da bakin da ya saba korarsa. Har ya kai ƙofa Gershon ya ce, "Hannunka."

"Bar shi a jone," in ji Sajo. "Mutanen nan ba su gama tunani ba."

Gershon ya raka shi tasha. Da ya dawo ya zare kaset ɗin, ya zauna a benci, hannayen gem ɗin biyu na ajiye a gabansa. Ina ta taka keke don kada in kalle shi. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"A fat tiri," ya ce, ba da kowa yake ba, "za su ɗauki fitilan nan. Ai ba su kashe su ba, ajiyewa suka yi. Kin lura?"

Shekara guda ina ce masa ya rufe min baki. Na tsayar da keke, na juya kujerata.

"Na lura," na ce. "To in sun ɗauka, wace hanya za su bi?"