Muryar Irimiya a Kan Pluto

Esta tana tsince wake a ƙofar ɗakinta a unguwar Kpakungu da ke Minna lokacin da 'yarta Lilian ta fito riƙe da wani babban tabarau baƙi, irin wanda ke rufe fuska tun daga goshi har hanci. Lilian tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma watanni ke nan tana fama da aikin kammala karatunta. Abin da Esta ta sani game da aikin shi ne wai yawon buɗe ido ne zuwa wasu ƙananan duniyoyi can nesa da rana, inda babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa takawa.

"Mama, ki gwada mini. Jibi zan nuna wa malamai, ina so ki fara gani."

"Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba za ki tura ni sama?"

Rekiya, uwar Siddiq, maƙwabciyarsu da ke shanya a igiya, ta yi dariya. "Je ki, Maman Lilian. In kin ga atamfa mai araha ki taho mana da ita."

Esta ta ajiye tiren, ta goge hannu da zane. Lilian ta zaunar da ita a kujerar roba, ta ɗaura mata tabarau, ta sa mata abin ji a kunne. Nan take tsakar gidan ya ɓace. Esta ta ga kanta zaune a cikin kumbo, kusa da taga, taurari sun cika ko'ina. Sai ga wani fili fari fat yana tasowa daga ƙasa, da duwatsu masu tsini a gefensa. Rana ta koma 'yar ɗigo, kamar fitilar babur daga nesa. A sama kuma wani ƙaton wata mai ruwan toka ya tsaya cak.

"Kai! Lilian, wannan wane irin wuri ne?"

Kafin 'yar ta amsa, wata murya ta yi magana a kunnenta.

"Fasinjoji, sannunku da hanya. Mun iso Pluto lafiya. Kowa ya duba kayansa."

Esta ta sandare. Muryar mijinta ce, Irimiya, direban motar haya da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Minna da Bida, wanda suka binne bara bayan gajeriyar rashin lafiya. Har da ɗan jan numfashin nan da yake yi kafin ya ce "fasinjoji".

Muryar ta ci gaba a natse. "Duwatsun da kuke gani ba dutse ba ne, ƙanƙara ce, sanyi ya mai da ita ta fi dutse tauri. Wancan wata sunansa Charon. Daga nan ba ya fitowa, ba ya faɗuwa, kullum yana nan inda kuka gan shi."

"Yesu!" Esta ta yi ihu. Ta miƙe a firgice, ƙafarta ta bugi tiren, wake ya watse, kujera ta kife. Rekiya ta saki rigar da ke hannunta ta rugo ta tare ta, tana salati. Lilian ta cire mata tabarau da sauri. Ga rana tsaka amma haƙoran Esta na haɗuwa.

"Yana ciki," ta ce. "Maman Siddiq, Baban Lilian yana ciki. Ya yi mini magana."

Rekiya ta juya ta dubi Lilian. "Ke, me kika sa wa uwarki a kunne?"

Lilian ta durƙusa. Ta ce ba shi ba ne. Saƙonnin murya ne da ya riƙa turo mata a waya tana makaranta, ta tattara su ta ba kwamfuta, kwamfutar ta koyi yadda yake magana. Yanzu duk abin da ta rubuta, da muryarsa ake faɗa.

"Ya taɓa faɗin waɗannan maganganun?" Esta ta tambaya.

"A'a, Mama. Ni na rubuta."

"Kin sa wa mamaci magana a baki?"

"Na ɗauka za ki ji daɗi. Ina neman wanda zai ja fasinjoji tafiya mai nisa, na ce ai babu wanda ya fi Baba. Kullum yana cewa wata rana zai kai mu yawo."

"Shi ne kika kai shi can? Mutumin da ko fanka ba ya so a kunna masa? Ina addu'a kullum yana wurin haske, ke kuma kin ajiye shi cikin duhu da ƙanƙara yana yi wa baƙi sannu da zuwa!"

Lilian ta fashe da kuka. Rekiya ta ɗaga kujerar, ta kawo ruwa a kofi. Esta ta kurɓa kaɗan, ta zauna tana kallon tabarau ɗin a kan tabarma. Can ta ce, "In an yi masa magana yana amsawa?"

"Yana amsa tambayar fasinja, Mama. Amma kada ki..."

"Mayar mini."

"Maman Lilian, ki bar abin nan haka," in ji Rekiya.

Esta ba ta saurara ba. Da hannunta ta ɗaura shi. Farin filin ya dawo, watan yana nan inda ta bar shi. Ta kira mijinta.

"Baban Lilian, ni ce. Esta ce."

"Sannu da zuwa, fasinja. Kina da tambaya game da Pluto?"

"Kana jin sanyi?"

"Yi haƙuri, wannan tambayar ba ta cikin shirin tafiyarmu. Ku koma kujerunku. Daga nan sai Eris, tafiyar da nisa, sai kun yi haƙuri."

Ya faɗi haka cikin fara'a, da irin muryar da yake lallashin fasinja in taya ta yi faci. Esta ta cire tabarau a hankali ta miƙa wa Rekiya. Ba ta yi kuka ba, sai dai fuskarta ta canza har Rekiya ta tsorata ta riƙe mata hannu.

"Bai san ni ba," ta ce.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Rekiya da Lilian suka tsugunna suna tsince waken daga ƙasa.

Washegari da safe Lilian ta goge muryar, ta zauna ta karanta bayanin tafiyar duka da bakinta, daga Pluto har Eris da watanta. Da ta je nunawa, malamai suka yaba, ɗaya ma ya nemi a sake sa masa. Ta dawo ta gaya wa uwarta. Esta ta ce an gode Allah, ta zuba mata tuwo, ta ƙara mata nama.

Bayan 'yan makonni, ranar Lahadi da aka taso coci, Esta ta buɗe wayarta ta kunna saƙon Irimiya na gaskiya, wanda ta saba ji duk mako, inda yake cewa ya tsaya a garin Kataeregi ya sayo doya, ta ɗora ruwa. Bai kai ƙarshen maganar ba ta kashe. Ta sake kunnawa, ta sake kashewa. Sai ta leƙa ɗakin Rekiya ta miƙa mata wayar.

"Ki ce wa Siddiq ya kwashe saƙonnin nan ya adana mini a wani wuri. Kada ya goge. Amma ya cire su daga nan."

"Lafiya dai?"

"Yanzu in ya yi magana sai in ji kamar wancan na cikin tabarau ne."

Rekiya ta karɓi wayar, ta matsa mata wuri a bakin gado, Esta ta zauna.