Bugu Marar Ƙara

Su uku ne a ɗakin hawa na huɗu a Hayyin Sabi', wata unguwa a ƙasar Misira: Ya'ƙub mutumin Zariya, Abdulhadi mutumin Gusau, sai Bukar na Maiduguri, wanda girki ya faɗo kansa tun ranar da sauran biyun suka ƙona tukunyar shinkafa har ƙasa. Dukansu ɗalibai ne. A bazarar 2014, in an sauko daga sallar la'asar, abu biyu suke yi a jere, kuma ba sa sauya musu tsari.

Na farko shi ne tilawa. Abdulhadi ya haddace izu sittin tun yana da shekara goma sha biyar, kuma a duk 'yan Najeriyar unguwar an san shi da cewa ba ya tuntuɓe. Yakan zauna a ƙasa ya jingina da bango ya yi ta kawowa da ka, Ya'ƙub kuma ya riƙe masa mus'hafi. Ya'ƙub yana da wata ƙa'ida da ya taho da ita daga wajen malaminsa na Zariya: mai saurare ba ya ɗaga ido daga shafi. Malamin ya ce mai hadda yakan karanci fuskar mai sauraronsa, in ya ga gira ta motsa sai ya gyara, alhali ba daga kansa gyaran ya fito ba. Saboda haka shekara biyu Ya'ƙub yana sauraron abokinsa, yatsa a ƙarƙashin layi, bai taɓa ganin yadda fuskarsa take in yana karatu ba.

Na biyu wasa ne. Abdulhadi ƙato ne mai faɗin kafaɗa, kuma wasu abokansa Misirawa sun ja shi cikin wata ƙungiyar matasa masu buga ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Ɗan baya ne, aikinsa ya tare mai ƙwallo ya kai shi ƙasa. Kwamfutarsa cike take da guntayen bidiyo na ƙwararrun 'yan bayan Amurka. Da yake musu a kan wanda ya fi kowa bugu ya ƙi ƙarewa, sai suka ƙirƙiro hanyar yanke hukunci: a rufe fuskar kwamfutar da tawul, a kunna, a saurari ƙarar karon kawai, kowa ya faɗi ko bugun wane ne.

Sunayen 'yan wasan sun yi wa Bukar wuyar faɗi, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai Tirela, mai nauyin buhu uku, wanda in ya faɗa kan mutum sai ka ji kamar an kifar da durom. Akwai Gatari, mai zuwa ta gefe ya sari ƙafafu, ƙararsa gajera ce mai kaifi. Sai na ukun, siriri a cikinsu, wanda ke tsayawa can baya shi kaɗai ya taho a guje daga nesa. Shi suka kira Mai Shiru.

"Tirela ne gwani," Bukar yakan ce daga ƙofar kicin, ludayi a hannu. "Ni da ke soya albasa ma ina jin nasa."

"Kai kunnenka na 'yan biki ne, ganga kake so," in ji Abdulhadi. "Tirela yana faɗa wa mutum ne, nauyin ya bazu ko'ina. Gatari ya fi shi. Amma duk yara ne a gaban Mai Shiru."

"Wanda bugunsa bai kai rufe murfin tukunya ba?"

"Shi fa. Ɗan ƙwal ɗin nan, hula a kan hula. Ka saurari abin da ke biyo baya. Mutum dubu sittin a fili, amma ko tari babu. Wanda Tirela ya buga yakan tashi yana zagi. Wanda Mai Shiru ya buga yakan tashi ya nufi wajen abokan gaba, yana zaton nasa ne."

Ya'ƙub bai cika sa baki ba, amma shi ne ya fi cin wasan, don kunnensa ya saba rarrabe harafi da harafi.

A farkon watan Mayu abin ya soma. Jarrabawar baka ta hadda saura kwana goma sha biyu, kuma mahaifin Abdulhadi ya riga ya sanar a masallacin unguwarsu a Gusau cewa ɗansa ne zai ja asham in azumi ya kama. Ran nan Abdulhadi yana cikin karatu, murya na tafiya sumul, sai ya tsaya a tsakiyar aya. Ya'ƙub ya jira, idonsa a shafi. Ya ji wani ɗan sauti, ƙwal, sannan shiru. Ya ba shi kalmar, karatu ya ci gaba.

Washegari ya tsaya sau uku. Jibi sau bakwai, kuma ba a wurare masu rikitarwa ba, a wuraren da yaran allo ma ke wucewa a guje. Kowace tsayawa da sautinta.

"Gajiya ce, Shehi," in ji Abdulhadi yana dariya. "Ma'alish, ba komai. Kaftin ya matsa mana, akwai wasa ranar Juma'a."

Ya'ƙub ya ɗora laifin sautin a kan mai sayar da tukunyar gas, wanda ke bin layi yana dukan tukwanen da sifana. Amma da ya tsaya a taga ya saurari mutumin da kyau, sai ya ji nasa ƙarfe ne mai amsa kuwwa. Wancan kuwa a toshe yake, kamar an ƙwanƙwasa kabewa. Ya tambayi Bukar ko yana daka wani abu lokacin tilawa. Bukar ya ce turminsa ma maƙwabta sun ara tun makon jiya.

Sai ya soma tuna wasu ƙananan abubuwa da bai ba su muhimmanci ba. Makonni uku da suka wuce Abdulhadi ya dawo daga atisaye da rana, ya tambayi abin da aka dafa, aka ce masa wake. Ya wanke hannu, ya sake tambaya. Suka yi masa dariya, shi ma ya yi. Ya daina buɗe labulen ɗakinsa. Sannan ranar Talata mai gadin gidan ya tare Ya'ƙub a bakin matakala ya ce masa ɗan'uwansa ƙaton nan ya tsaya a ƙofar mutanen hawa na uku yana ta gwada mabuɗinsa, har matar gidan ta tsorata.

Ranar Laraba Ya'ƙub ya karya ƙa'idar malaminsa. Da muryar ta yanke, ya ɗaga ido a hankali.

Idanun Abdulhadi a buɗe suke, suna kallon sashen da Ya'ƙub yake, amma babu kowa a cikinsu. Leɓunansa na motsi ba sauti. Sannan kansa ya yi gaba kaɗan, ya koma baya ya sami bango. Ƙwal. Ba da ƙarfi ba. Ya sake. A jikin farin fentin, daidai ƙeyarsa, akwai wani zagayayyen tabo mai duhu na man gashi, wanda Ya'ƙub ya sha gani yana zaton dattin jingina ne kawai.

Ya'ƙub ya faɗi kalmar da muryar da shi kansa bai gane ba. Nan take mutum ya dawo cikin idanun, karatu ya ɗora daga inda ya tsaya.

Da suka shafa, Ya'ƙub ya ce, "Malam, kanka yana ciwo?"

"Wanne kai? Lafiyata ƙalau."

"Kana buga shi a bango in ka tsaya."

Abdulhadi ya dube shi, ya dubi bangon, ya yi murmushi irin na wanda ake tsokana. "Ni? Shehi, kai da ba ka ɗaga ido, a ina ka gani? In kana so in fasa wasan Juma'a ne ka faɗa kai tsaye."

"Ina so ka fasa."

"Khalas, shi ke nan, na ji. Ba zan fasa ba. Ni kaɗai ne a tsakiyar baya, in babu ni ta nan za a yi ta wucewa."

Ya'ƙub ya rufe mus'hafin. Ya san abokinsa: in aka ja shi da hujja sai ya kafe, amma bai taɓa musanta abin da kunnensa ya ji ba.

Ranar Alhamis, kafin su zauna, ya jingina wayarsa a jikin littattafan da ke kan tebur, kyamara na kallon bango. Bayan tilawa ya shiga ɗakinsa ya yanko daƙiƙa takwas, wurin da babu karatu ko harafi ɗaya, sai shirun da abin da ke cikinsa. Ya zuba a kwamfutar, a tsakiyar sauran bidiyoyin.

"Yalla, a kawo tawul," in ji Ya'ƙub. "Yau ni zan kunna."

Bukar ya fito da farantin ful, dafaffen waken Misirawa, da burodi, ya zauna. Na farko ya tashi kamar an kifar da durom, suka ce Tirela baki ɗaya. Na biyu Bukar ya ce Tirela ne kuma, Abdulhadi ya ce masa ya je a wanke masa kunne, Gatari ne ƙarara. Aka ɗaga tawul, Gatari ne. Ya'ƙub ya mayar da tawul ɗin, ya danna na uku.

Shiru. Ƙwal. Shiru kuma, mai tsawo.

"Wannan ai ba komai a ciki," in ji Bukar.

"Tsaya." Abdulhadi ya ajiye burodinsa, ya matso, ya karkata kunne. "Sake."

Ya'ƙub ya sake.

"Mai Shiru ne," in ji Abdulhadi a hankali, cikin jin daɗin wanda ya gane muryar gwaninsa. "Kun ji yadda fili ya mutu? Ko numfashi babu. Wannan bawan Allah da aka buga, ko ya tashi ba shi ne ya tashi ba. Da ni ne kaftin ɗinsu, ba zai sake shiga fili ba bana."

"Ka tabbata?"

"In ba shi ba ne, ni zan yi wanke-wanken mako."

Ya'ƙub ya janye tawul ɗin.

A fuskar kwamfutar ga farin bango, ga wani ƙato zaune a ƙasa da jallabiya ruwan toka, irin wadda ke jikin Abdulhadi a lokacin. Idanu a buɗe, leɓuna na motsi. Kan ya yi gaba, ya koma baya.

A ƙasa mai tukunyar gas ya wuce yana dukan ƙarfensa, sautin ya yi nisa ya ɓace. Abdulhadi ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa, ya waiwaya ya dubi tabon da ke bango, ya daɗe yana dubansa.

"Yaushe ne wannan?"

"Ɗazu. Bai kai awa ɗaya ba."

"Ban san shi ba," in ji Abdulhadi. Ba bidiyon yake nufi ba, mutumin da ke ciki yake nufi. Can ya ce, "Sun ce ranar nan a atisaye na yi karo da wani, na tashi na ci gaba, har kaftin ya yaba mini. Kowa yana ba ni labarin. Ni ina ta gyaɗa kai ne kawai, Shehi. Daga ɗaura takalmi sai na gan ni a cikin mota."

Bukar ya tashi ba tare da an ce masa komai ba, ya ɗauko hular kwanon daga bayan ƙofa, ya hau kujera ya tura ta can saman kabad, bayan akwatunan tafiya.

Ranar Juma'a, lokacin da ƙungiyar ke shiga fili, su biyu suna zaune a layin ganin likita. Likitan ya haska idanun Abdulhadi, ya sa shi tafiya a kan layi, ya yi masa tambayoyi masu sauƙi waɗanda biyu daga ciki suka gagare shi. Ya ce a huta, a rage haske, a bar karo. Da Ya'ƙub ya tambaye shi ko abin da ya zube zai dawo, sai ya ce sau da yawa yakan dawo, amma ba shi da ranar da zai ba su. Abdulhadi ya nemi a ɗage masa jarrabawa zuwa zagaye na biyu. Kiran mahaifinsa ya fi wannan wuya, ya yi shi a baranda da ƙofa a rufe, ya fito idonsa ja.

Bayan mako biyu suka koma tilawa, shafi ɗaya tak a rana. Ya'ƙub ya janye shi daga bango, ya zaunar da shi a tsakiyar ɗaki a kan darduma, babu komai a bayansa sai iska. Ya kuma ajiye ƙa'idar malaminsa gaba ɗaya: mus'hafi a cinya, ido a kan fuskar abokinsa.

Karatu ya tafi layi tara lafiya. A na goma ya yanke. Kan bai motsa ba, Ya'ƙub yana kallo. Amma Abdulhadi ya ɗan karkata kunne, kamar yadda yake yi a gaban tawul.

"Ka ji?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Ya'ƙub ya saurara da duk kunnen da Allah ya ba shi. Akwai fanka, akwai cokalin Bukar a jikin tukunya.

"Ban ji komai ba."

"Ni na ji."

Ya'ƙub ya buɗe baki zai ba shi kalmar, Abdulhadi ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Suka zauna haka, ɗaya na jira, ɗaya na lalube a cikin duhun kansa. Fanka ta yi zagaye da yawa. Sannan kalmar ta fito, a hankali, daidai, ya bi ta zuwa ƙarshen shafin.