Jan Zaren Inna Tambaya

Inna Tambaya ta sauko daga motar Bunguɗu tun ba ta gama tsayawa ba, ta nufi gidan gurzar auduga na Gusau da allura da jan zare a ƙulle a bakin mayafinta.

Shekara huɗu ke nan ɗanta Dalhatu yana Ingila, yana koyarwa a jami'a. Da ta tambayi abin da yake koyarwa, aka ce mata yadda kaya ke tafiya ne daga ƙasa zuwa ƙasa. Ita ba ta ga abin zuwa makaranta a nan ba, tunda mahaifinsa da jakai uku ya yi wannan aikin har ya koma ga Allah. Amma a wasiƙar da malamin firamare ya karanta mata, Dalhatu ya ce kowace shekara yakan kai ɗalibansa bakin teku su ga dilolin audugar Gusau, yakan shafa su saboda kewar gida.

Wannan magana ta zauna mata a rai. Ba ta iya rubutu, kuma ta gaji da aika kewarta ta bakin malamin firamare. Tana so hannunsa ya taɓa abin da hannunta ya taɓa. Tun yana yaro take yi wa wuyan rigarsa ɗinki uku da jan zare, ko cikin dubu zai gane.

Idris heluma, shugaban leburan wurin kuma ɗan ƙawarta, ya tarbe ta a ƙofa. Ya saurare ta, ya sosa ƙeya, ya kai ta rumfar diloli. Ta durƙusa da kyar ta fara ɗinki a kusurwar algarara, buhun da ake naɗe dila da shi. Ta yi wa dila goma sha ɗaya kafin yatsunta su ƙi.

Wata babbar mota ta zo, lebura suka loda. Ta bi ta da ido, tana jiran ta karya wajen tashar jirgin ƙasa. Sai motar ta miƙe, ta shige ƙofar masaƙar da ke can gaba kaɗan.

"Idi, ina za ta? Tasha ai ga ta nan."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, kunya ta hana ni hwaɗa miki. Bana ko dila guda ba ta ƙetare ruwa. Masaƙunmu na gida sun cinye ta duka."

Ta daɗe tana duban ƙofar masaƙar.

"To mi ka tahiya can yanzu?"

"Sai dai fatu, Inna. Na jar akuya. Daga Tsahe ma ana kawo su tasha."

Ta soke allurar a bakin mayafi, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Fata tana ɗaukar ɗinki?"

"Tana ɗauka."

"Ina da jar akuya guda," in ji ta. "Yaushe jirgin ka tashi?"