Aduwar Dauda

Da ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka tashi yanka filaye a gabashin Magariya, sai awon sabon titi ya faɗa daidai kan aduwar da ke bayan dangar Inna Hinda. A wurinsu itace ne mai ƙaya, gatari ya ishe shi. Ita kuwa a gindinsa aka rufe ɗanta na fari tun yana jariri, a zamanin da ake binne jarirai a bayan gida.

Ranar taron unguwa ta dogara sandarta har meri. Aka yi ta ka-ce-na-ce a kan magudanar ruwa, da bola, da inda mahauta za su koma. Maza in suka samu lasifika, sai dai a ƙwace. Da ƙyar aka zo kanta.

"Inna, me ke tafe da ke?" in ji magajin gari.

"Aduwar nan, ranka ya daɗe. A bar ta."

"Saboda me?"

Matan zamaninta ba su kama sunan ɗan fari, ba su nuna sun damu da shi a gaban jama'a, ko yana raye ko ya rasu. Kunyar da ta tsufa da ita ba za ta zube yau a gaban sa'annin ƴaƴan cikinta ba.

"Tana da inuwa," ta ce.

Aka kwashe da dariya. Wani konseye, wato kansila, ya yi alkawarin dasa mata dogon yaro har biyu, masu inuwar gaske. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Wallahi abin tausayi, ga magana a baki, ga ba damar faɗa.

Can baya Mainassara ƙanin mijinta ya miƙe. Shi da ƙarar awakin maƙwabta ya zo, amma ya manta da ita.

"Ranka ya daɗe, ko yanka ta za a yi ba za ta faɗa ba. Dauda ne kwance a wurin. Ni na ɗauke shi a hannuna."

Konseyen ya cire hularsa ya sake sawa. Mai awon fili ya yi ɗan gunaguni cewa titi ba ya son lanƙwasa, daga baya shi da kansa ya kawo shawarar a raba shi biyu ya zagaye itacen. Kowa ya ɗaga hannu, ban da ita.

Yanzu ƴan kabu-kabu sun mayar da gefen wurin tasha. Duk wanda ya hau babur daga kasuwa, sai ka ji ya ce, "Kai ni Aduwar Dauda." Sunan da ba ta taɓa furtawa ba, yini ake ana kiransa a bayan gidanta.

Kowa ya je gaishe ta sai ta yi masa mitar hayaniyar yaran nan marasa kunya. Amma tabarmarta ta bar ƙofar ɗaki, ta koma jikin danga.