Kifin da Dikko Ya Kama a Gona

A gidan Hodi masunci, a Argungu, ɗa ba ya cika ɗa sai ya kawo kifinsa na farko uban ya ɗora masa hannu ya sa albarka. Ƙannen Dikko, babban ɗan Hodi, duk sun kai nasu tun suna yara. Shi kuwa har furfura ta fito masa bai kai ko ƙaya ba, don ko kwalekwale ya shiga sai ya rufe ido. Noman albasa ya kama, 'yan'uwa suna kiransa Sarkin Ruwan Rijiya. Yana dariya, amma abin na cinsa, ga uban ya tsufa ya makance, ƙarfi kullum raguwa yake.

Wata rana yana haƙa rijiya a gonarsa ta tudu, diga ta fasa wani falalen dutse. Sai ga kifi kwance a ciki, tsawon hannu, da kai da ƙayoyi da wutsiya, duk sun zama dutse. Dikko ya daɗe yana kallonsa. Kifin bai gudu ba, abin da wani kifi bai taɓa yi masa ba.

Malam Abdussamadu, wani malamin makaranta daga Birnin Kebbi, ya zo ya gani. Ya ce teku ce ta taɓa rufe wurin tun kafin a yi mutane, ya roƙa a ba shi ya kai Sakkwato masana su duba.

"Akwai wanda za shi hwara dubawa," in ji Dikko.

Ya ɗora dutsen a jaki, ya kai gida, ya ajiye a gaban tabarmar Hodi. Ƙannensa suka taru suna ƙunshe dariya.

"Mi kak kawo?" tsohon ya tambaya.

"Kihi, Baba."

"Ina kas samo shi?"

"Ga gona."

Hodi ya lalubi kan kifin, ya bi ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa har wutsiya, ya shinshina yatsan.

"Kihi na," in ji tsohon. "Ka dai bar shi ya daɗe."

Sannan ya shimfiɗa tafinsa a kan dutsen, ya ce Dikko ya miƙo kai ya sa masa albarka.